Dopla ko MRI ko PET: wanne ne yake faɗin gaskiyar jinin da ke shiga ƙwaƙwalwa?

Ɗan Aji Huɗu: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ina neman taimako, an ba ni semina ranar Litinin a kan hanyoyin auna gudanar jini a ƙwaƙwalwar ɗan adam kuma wallahi kaina ya kulle. Wannan littafi ya ce PET ce uwar kowa, wancan ya ce MRI ta maye gurbinta, na je ɗakin yara kuma na tarar Dopla kawai ake ɗora wa 'yan sikila a gefen kai. To wacce ce ta fi? Ina so in jera su daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe in huta.

Mai Hoto: Wa alaikumus salam. Ƙanina idan ka jera su haka malaminka zai cinye ka ɗanye a gaban aji. Ba abu ɗaya suke aunawa ba ai, ta yaya za ka ce mudu ya fi sikeli?

Ɗan Aji Huɗu: Yaya ba duk jini ba ne?

Mai Hoto: Jini ne, amma tambayar ta bambanta. Dopla, na'urar nan mai aika sauti cikin kai, saurin jinin take gaya maka, santimita nawa yake ci a daƙiƙa ɗaya cikin wata babbar jijiya. PET kuma, hoton da ake ɗauka bayan an yi wa mutum allurar abu mai tururin nukiliya, yawan jinin da ya isa naman ƙwaƙwalwar take ƙirgawa, mililita nawa a kowane giram 100 a minti ɗaya. Ka taɓa ba shuka ruwa da tiyo? Ka danne bakin tiyon da babban yatsa ruwa ya feso da ƙarfi har ya kai katangar maƙwabta, amma bokitin da za ka cika bai fi na da saurin cika ba, wataƙila ma ya fi daɗewa. To Dopla fesowar take gani, bokitin ba ruwanta da shi.

Baba Mai Ritaya: Madalla da wannan misali. Yaro, fara riƙe lambobin nan kafin ka shiga gardamar na'ura. Ƙwaƙwalwa nauyinta kamar kashi 2 cikin 100 ne na jiki, amma tana karɓar wajen kashi 15 na jinin da zuciya ke turowa, tana kuma cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin ɗin da jiki ke amfani da ita idan mutum na hutawa. A babban mutum jimillar abin ya kai mililita 750 a minti, wato kamar mililita 50 a kowane giram 100. Idan ya sauko ƙasa da 20 ƙwayoyin suna daina aiki amma ba su mutu ba tukuna, idan ya faɗi ƙasa da 10 kuma to mutuwa ta fara. Duk na'urorin da ake ta cika baki da su ƙoƙarinsu kenan, su gaya maka a ina kake tsakanin 50 da 10.

Kuma tun da semina ce, ka fara da Kety da Schmidt. Seymour Kety da Carl Schmidt a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka, sun fara fito da hanyar a 1945, cikakken bayanin ya zo a 1948. Mutum zai shaƙi iskar naitros oksaid kaɗan, kashi 15 cikin 100, na tsawon minti 10, ana ɗibar jini daga jijiyar da ke kai jini da kuma jijiyar wuya da ke dawo da shi daga kai, a ga nawa ya shiga nawa ya fito. Abin da ya ɓace a tsakani ƙwaƙwalwa ce ta riƙe, daga nan sai lissafi. Sun samu wajen 54. Shekara saba'in da wani abu kenan kuma har yau lambar tana nan kusa da inda suka ajiye ta, da allura da kwalba suka yi, ba kwamfuta.

Na Kwari: Baba wato kamar mai gadin sito ne da ke ƙirga dilolin da suka shiga da waɗanda suka fita 😂 ni dai ɗan kallo ne a gidan nan amma wannan na gane.

Baba Mai Ritaya: Haka ne Alhaji, kuma matsalarsa irin ta mai gadin ce, ya san nawa suka shiga sito amma bai san wane lungu aka jibge su ba. Lamba ɗaya tak take ba ka ta dukan ƙwaƙwalwa. Mai shanyewar ɓarin jiki da wani ɗan yanki ya rasa jini, sai jimillar ta fito kusan daidai ka ce lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa Niels Lassen na Denmak da David Ingvar na Suwidin suka zo a farkon shekarun 1960 da iska mai tururin nukiliya, kirifton 85 sannan zenon 133, suna zura ta ta jijiyar wuya suna jera na'urorin ƙirge a gefen kai. Da hanyar tasu aka nuna idan mutum ya motsa hannu ko ya yi magana, yankin da ke wannan aikin jininsa na ƙaruwa. Amma saman ƙwaƙwalwa kawai suke gani, can ciki sai dai hasashe.

Malam Fiziks: Ranka ya daɗe Baba an gaishe ka. Bari in shigo daga nan don wannan fagena ne, a kan MRI nake karatuna a nan Jamus. Gaskiya idan maganar lamba ce ta haƙiƙa, har yanzu PET da ruwa mai oksijin 15 ake auna kowa da ita. Ana yi wa mutum allurar ruwa ne wanda oksijin ɗin cikinsa mai tururi ne, ruwan ya bi jini ya ratsa nama, kyamara ta ɗauka. Amma ku ji wahalar: oksijin 15 rabinsa ke lalacewa a cikin daƙiƙa 122, minti biyu da 'yan kai. Ba abin da za ka sayo a Legas ka sa a jirgi ka kawo Kano ba ne, kafin ka fito daga ɗakin ma ya ƙare. Dole injin saiklotiron, mai ƙera oksijin 15 ɗin, ya kasance a gini ɗaya da kyamarar, sannan idan cikakkiyar lamba kake so sai an sa wa mutum kanula a jijiyar wuyan hannu mai bugawa ana jan jini a jere, kuma wannan da zafi ba irin ɗibar jinin da aka saba ba ne. Ko a Turai cibiyoyin bincike ne ke yi, ba kowane asibiti ba.

Kuma kar ka rikita ta da PET ɗin da ake tura masu kansa, waccan FDG ce, sukari ne mai fulorin 18 da ke kai minti 110 kafin rabinsa ya tafi, cin sukarin nama take nunawa ba gudun jini ba. Na ga ɗalibai da yawa sun faɗa ramin nan.

Ni dai ra'ayina ASL, wata hanyar auna jini da injin MRI, ita ce makoma. Ba allura, ba tururi, ba komai. Injin MRI zai yi wa ruwan cikin jinin alama da maganaɗisu a daidai wuya, a jira kamar daƙiƙa biyu jinin ya hau kai, a ɗauki hoto, a sake ɗauka ba alama, a debe wannan daga wancan. Detre da Williams da abokan aikinsu suka fito da ita a 1992, a 2015 kuma masana suka haɗu suka fitar da matsaya guda kan yadda za a riƙa yi. Kana iya maimaitawa sau goma a rana, kana iya yi wa yaro, kana iya yi wa mai ciwon ƙoda.

Mai Hoto: Malam Fiziks kullum kai da makoma 😅 Faɗa masa ɗaya ɓangaren mana. Ka gaya masa girman siginar.

Malam Fiziks: To naji, bambancin hotunan biyu bai fi kashi 1 cikin 100 ba, shi ya sa ake maimaitawa da yawa a haɗa, kuma idan mara lafiya ya motsa kai kaɗan aiki ya lalace.

Mai Hoto: Yauwa. Kuma alamar gogewa take yi.

Malam Fiziks: Tana gogewa, e. A injin mai ƙarfin maganaɗisu tesla 3 lokacin da ake lissafi da shi wajen daƙiƙa 1.65 ne, a mai 1.5 ya fi haka gajarta. Kamar ka shafa wa tumaki shuni a bakin gari ka je kasuwa kana ƙirga masu shuni, idan wata hanya ta yi nisa kafin su iso ruwan sama ya wanke shunin sai ka rubuta ba su zo ba alhali suna tafe. Haka take yi wa tsofaffi da masu toshewar jijiyar wuya da masu moyamoya, cutar nan da ke tsuke jijiyoyin gindin ƙwaƙwalwa, jini na zuwa ta zagaye a makare, ASL ta nuna wurin baƙi kamar ba jini. Shi ya sa ake ƙara lokacin jira ga dattawa, ko a ɗauka a lokuta daban daban. A farin naman ƙwaƙwalwa ma ba ta da ƙarfi don jinin can kaɗan ne, wajen 20, kuma a makare yake isa. Amma a lafiyayyen matashi, a toka-tokan nama inda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka taru, tana tafiya da PET sosai, an gwada su tare har a injin da ke ɗaukar PET da MRI lokaci guda.

Maman Khalifa: Salamu alaikum, ku yi haƙuri na katse ku, ni ba likita ba ce an dai sa ni a gidan nan ne saboda yarona. Ɗana shekararsa 6 sikila ne, makon jiya aka yi masa wannan Doplar ta kai a wani asibitin kuɗi aka rubuta 205 aka ce min yana cikin haɗari, mutumin bai ma zauna ya yi min bayani ba ya miƙo takarda kawai ya ce mu ga likitanmu. Yanzu kuma na karanta Mai Hoto ya ce abin ba ya auna yawan jini, to kenan kuɗina aka ci? Kwana huɗu ban yi barcin kirki ba wallahi.

Likitar Yara: Wa alaikis salam Maman Khalifa, sannu, Allah ya ba shi lafiya. A'a ba a ci kuɗinki ba, kuma ina roƙon maza masu gardamar injina su ɗan dakata in yi magana da ita.

Gaskiya ne Dopla sauri take aunawa, amma a yaro mai sikila saurin shi ne abin da muke nema. Jijiyar da ta fara tsukewa jini na wucewa ta cikinta da gudu, irin tiyon da aka danne ɗin nan, kuma ƙarancin jini shi ma yana sa ƙwaƙwalwa ta riƙa jan jini da yawa don ta samu iskar da take bukata. Duka biyun alama ce ta jijiya na shan wahala. A 1998 aka buga sakamakon wani babban bincike a Amurka mai suna STOP wanda Robert Adams ya jagoranta, yara 130 masu saurin 200 ko fiye, aka raba su biyu, waɗanda ake yi wa ƙarin jini a kai a kai mutum 1 ne ya samu shanyewar jiki, waɗanda ba a yi wa ba 11. Har dakatar da binciken aka yi kafin lokacinsa don bambancin ya yi yawa. Daga nan aka samo ƙa'idar: ƙasa da 170 lafiya, 170 zuwa 199 a sa ido, 200 zuwa sama a ɗauki mataki. Kuma ana so a riƙa yi wa kowane yaro mai SS duk shekara daga shekara 2 zuwa 16.

Amma kafin hankalinki ya tashi ki duba min takardar. Kusa da 205 ɗin me aka rubuta, TAMMV ko TAMX ne, ko PSV? Sannan ranar da aka yi, yana da zazzaɓi? Ciwonsa ya tashi a kwanakin? Barci yake ko idonsa biyu?

Maman Khalifa: Dakta an rubuta TAMMV a sama sai R MCA 205, L MCA 178. Ba zazzaɓi ranar amma kwana uku kafin nan ya gama maganin maleriya. Kuma ya yi ta gyangyaɗi a kan gadon don mun daɗe a layi.

Likitar Yara: To alhamdulillah da kika duba. MCA ita ce babbar jijiyar tsakiyar ƙwaƙwalwa, R ta dama L ta hagu. TAMMV ɗin, wato matsakaicin saurin jinin, ita ce lambar da ake hukunci da ita, da PSV ce da na ce miki wannan ƙololuwar bugu ce kawai kuma dama ta fi yawa. Don haka 205 ɗin ba abin wasa ba ce. Sai dai abubuwa biyu da kika faɗa suna iya ɗaga ta: maleriya na rage jini, jini in ya ragu sauri na ƙaruwa, barci kuma yana tara iskar kabon dayoksaid a jiki ita ma tana buɗe ƙananan jijiyoyi gudu ya ƙaru. Shi ya sa ake so yaro ya kasance cikin lafiyarsa, a farke, ba ya kuka. Abin da za ki yi ki kai shi asibitin sikilarsa a wannan makon ba sai ranar da aka ba ku ba, a duba yawan jininsa, a sake Doplar cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kar ki ce bari ya huta wata biyu. Kuma ko yau kika ga bakinsa ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta yi nauyi, ko magana ta sarƙe, ko da na minti biyar ne ya dawo daidai, ki ɗauke shi sai asibiti a daren.

Idan an sake ta fito sama da 200 akwai abin yi. Ƙarin jini duk wata a nan wajenmu yana da wuya, kin san halin bankin jini da kuɗi da taruwar sinadarin ƙarfe a jiki, shi ya sa aka yi bincike a nan gida mai suna SPRING, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala da Barau Dikko na Kaduna, yara 220 masu irin wannan sakamako, aka ba su maganin sha mai suna haidroksiyuriya, wasu miligiram 10 kan kowane kilo wasu 20. An buga shi a 2022, shanyewar jiki ta yi ƙasa a duka ɓangarorin biyu kuma ba wani bambanci a tsakaninsu ta wannan fuska. To likitansa ne zai zaɓa masa, ni ba zan rubuta magani a waya ba.

Maman Khalifa: Allah ya saka da alheri Dakta, Allah ya raya zuri'a. Gobe da sassafe in sha Allah.

Na Kwari: Allah ya ba yaro lafiya Hajiya.

Likitar Yara: Amin. Sai in dawo kanka Malam Fiziks. Kai kana can kana ta makoma, mu a nan na'urar da za ka sa a jaka, ta yi aiki da batir in an ɗauke wuta, a koya wa ma'aikacin jinya ko mai ɗaukar hoto ya iya, ita ce ke hana yara kwanciya. Doplar kai nake nufi, Rune Aaslid ya fito da ita a 1982, kan na'urar mai mita megahaz 2 ne kawai a ɗora a gefen kai sama da kunne inda ƙashi ke da sirantaka. Ba ta san mililita ba amma ta san yaron da zai faɗi.

Malam Fiziks: Anti Dakta ban musa ba wallahi, na sara miki. Abin da nake cewa kawai shi ne mutane na rubuta takardun bincike su ce jinin ƙwaƙwalwa ya ƙaru da kashi kaza alhali Dopla suka yi amfani da ita, wannan kuskure ne. Yawan jini shi ne sauri sau faɗin bakin jijiya, kuma faɗin da murabba'in kauri yake tafiya, jijiya ta buɗe da kashi 10 kawai faɗin bakinta ya ƙaru da kashi 21 Dopla ba ta da labari. An daɗe ana ɗauka babbar jijiyar tsakiyar nan ba ta canja kauri, sai a 2014 aka duba da MRI mai ƙarfi aka ga tana buɗewa idan kabon dayoksaid ya yi yawa. Kuma in faɗi laifin tawa ma, a mai sikila ASL na iya ba da lambar ƙarya idan ba a gyara lissafi ba, don lokacin gogewar alamar ya danganta da kaurin jini, wanda jininsa ya yi ƙasa alamarsa ta fi daɗewa, in ka sa lambar lafiyayye sai ka ƙirga fiye da abin da ke akwai.

Mai Hoto: Ƙari a kan laifin Dopla, hannu ne. Ni da abokin aikina mun sha auna mutum ɗaya mu samu bambanci saboda kusurwar da kowa ya riƙe kan na'urar. Sannan wasu ƙashin gefen kansu ya yi kauri sautin ba ya shiga sam, kamar mutum 1 cikin 10, ya fi yawa a tsofaffin mata, ka yi ta lalube minti ashirin ba ka ji ko ɗis ba. Yara dai alhamdulillah ƙashinsu na ba da hanya. Kuma injin mai nuna hoto da wanda ba ya nunawa ba sa ba da lamba ɗaya, mai hoton yakan fito ƙasa da kamar kashi 10, don haka Maman Khalifa in da hali a san irin injin da aka yi na farko da shi.

Sistan ICU: Ku ba ni wuri ni ma. Duk wannan na marasa lafiyar da ke iya tafiya ɗakin hoto ne. Wanda ke kan injin numfashi da layuka shida a jikinsa, fitar da shi zuwa MRI kansa haɗari ne. Wanda jijiya ta fashe masa jini ya kwanta a ƙarƙashin rigar ƙwaƙwalwa, abin tsoro shi ne jijiyoyi su matse daga kwana na 3 ko 4 har wajen mako biyu, to Dopla ce a bakin gado kullum da safe, ana raba saurin jijiyar kai da na jijiyar wuya, in ya haura 3 matsewa ce ba yawan jini ba. Akwai kuma ɗan faifan da ake mannawa a goshi mai aiki da haske, NIRS, ana sa wa a tiyatar zuciya da jarirai bakwaini, amma shi iskar da ke cikin jini yake nunawa kuma fatar kai na shiga lissafinsa, yanayin hawa da sauka ake kallo ba lambar kanta ba.

Ɗan Aji Huɗu: Ina ta rubutawa wallahi. To CT fa? Ita kaɗai na taɓa gani da idona.

Mai Hoto: CT ta gaggawa ce. Mutum ya zo ɓarin jiki ya shanye, farko CT ba ruwan allura don a san fashewa ce ko toshewa, don maganin wannan guba ne ga wancan. In toshewa ce kuma akwai kayan aiki sai a tura ruwan aidin ta jijiya da ƙarfi a yi ta ɗaukar hoto wajen minti ɗaya ana bin shigarsa da fitarsa. Kwamfuta ta zana wuri biyu, inda ya riga ya mutu da inda ke gargara amma ana iya ceto, irin 10 da 20 ɗin da Baba ya faɗa. Ƙa'idar da aka fi bi, inda jini ya faɗi ƙasa da kashi 30 na ɗaya ɓangaren ya mutu, inda ya makara fiye da daƙiƙa 6 yana cikin haɗari. Da can allurar narkar da gudan jini sai cikin awa 4 da rabi, zaro gudan da waya kuma awa 6, amma a 2018 bincike biyu, DAWN da DEFUSE 3, suka nuna in hoto ya nuna akwai sauran naman ceto ana iya zarowa har awa 24 a na farko, awa 16 a na biyu. Ka ga a nan ba wanda ya damu ko lambar 48 ce ko 52, kwatanci ake da ɗaya gefen kan. Illarta tururi, da nauyin aidin a kan ƙoda, kuma ka ba manhajoji biyu hoto ɗaya su ba ka girman ɓarna daban. MRI ma tana da irinta da ruwan gadoliniyam, an fi yi wa masu ƙari a kai, shi kuma ana taka-tsantsan da shi ga wanda ƙodarsa ta gaza.

Baba Mai Ritaya: Kun manta SPECT, ita ma allurar abu mai tururi ake yi a ɗauki hoto. Da teknishiyam 99m ake yi, awa 6 yake kafin rabinsa ya tafi, ga wata baiwa da ba wadda ke da ita: maganin yana maƙalewa a ƙwaƙwalwa cikin minti ɗaya zuwa biyu da yin allura ya tsaya a yadda ya samu jinin a lokacin. Mai farfaɗiya tana tasowa a yi masa allurar, bayan ya natsu ko da awa biyu ne a kai shi hoto, a ga inda ta taso. Ba za ka iya sa mai fizge-fizge a cikin MRI ba ai.

Kuma wani abu da ke ba ni dariya da masu kwatanta hanyoyin nan, sai a yi wa mutum PET ranar Talata a yi masa MRI ranar Alhamis a ce ga bambancin injina. Wa ya ce jinin Talata ne na Alhamis? Kabon dayoksaid ya motsa da milimita 1 a ma'aunin matsinsa cikin jini jinin kai ya canja da kashi 3 zuwa 4. Mutum ya tsorata da ramin injin ya riƙa haki, jini ya sauka. Kofi biyu masu ƙarfi na rage shi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ita kanta PET ɗin da ake kira ma'auni, ka auna mutum ɗaya sau biyu ba za ta ba ka lamba ɗaya cif ba.

Na Kwari: Baba tsaya, kofi na rage jinin kai? To goro fa? Ni ina cin biyar a rana 😳

Baba Mai Ritaya: Sinadarin kafin ɗin da ke kofi shi ne a goro Alhaji, yana matse ƙananan jijiyoyin kai. Ba zai shanye maka jiki don wannan ba, jiki ya saba, amma ranar da ka wayi gari ba ka ci ba jijiyoyin su saki jini ya ƙaru, ciwon kan da kake ji a farkon azumi kenan.

Na Kwari: Ikon Allah, ni da nake ɗora wa yunwa laifi shekara talatin.

Malam Fiziks: Shi ya sa a ɗakin bincikenmu muke hana mutane kofi da shayi kafin a auna su. Da a Kano ne sai mun ƙara layi a fom, yaushe rabonka da goro.

Ɗan Aji Huɗu: To yanzu na fasa jerawa. Zan yi tebur ne, me kowacce ke aunawa, lamba ce ta haƙiƙa ko kwatanci, dukan kai ko yanki, me ake zura wa mutum, sai wane mara lafiya. Amma Baba idan malam ya matsa ya ce in faɗi guda ɗaya fa? Na san halinsa.

Baba Mai Ritaya: Ka ce masa PET mai oksijin 15 ita ce ma'aunin da ake gwada saura da shi, kar ka yi inda-inda a nan don ita yake so ya ji. Sannan ka ɗora da naka.

Likitar Yara: Kuma ka sa SPRING a ciki don Allah, a garinku aka yi, kar ka tsaya kana ta kawo sunayen Turawa kaɗai.

Malam Fiziks: Ka raba fMRI, wato MRI mai nuna yankin ƙwaƙwalwar da ke aiki, daban kuma, kar ka sa ta a teburin. Siginar da take aiki da ita, BOLD, da Seiji Ogawa ya bayyana a 1990 cakuɗe ce ta jini da iskar da aka cinye da faɗin jijiyoyi, ba ta da mililita. In ka sa ta a layin ASL ni da kaina zan rage maka maki daga nan.

Maman Khalifa: Salam, mun dawo daga asibiti. Jininsa 6.8 suka ce ya sauka daga yadda ya saba, sun ba mu ranar Laraba ta sama a sake Doplar a wajensu, kuma likitan ya ce ko yaya ta fito za mu zauna maganar maganin nan da kika faɗa Dakta. Tambayata ɗaya, in hana shi barci a mota kenan ranar?

Likitar Yara: A'a ki bar shi ya yi barcinsa a mota ya ƙoshi, a kan gadon ne ake so idonsa biyu. Ki ba shi abinci da ruwa kafin ku shiga, ki riƙe masa waya da katun ko wani abin da zai ɗauke masa hankali ba tare da ya yi ta surutu ba. Ki tafi da takardar farko su haɗa su gani, sannan ki turo min lambobin gefen dama da na hagu duka.